Makullin Manaja

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Yau Litinin. Ƙugu da sauƙi, gwiwar hagu ba sauƙi. Tarin nan ya dawo. Na tsaya ina tunanin ko na sha maganin hawan jini, sai na duba 'yar akwatin magani na ga gidan Litinin babu komai, to na sha ke nan. Manaja ce take jera mini magungunan duk Asabar, gida bakwai, kowace rana da nata. Na wannan makon ta riga ta jera kafin abin ya faru.

Manaja 'yata ce, autata. Na rubuta haka ne saboda littafin ya ce mutum ya riƙa rubuta abin da ke ransa kamar wanda bai san shi ba ne zai karanta. Tun tana 'yar mitsitsiya take ba kowa umarni a gidan nan, har da kyanwa, shi ya sa uwarta ta laƙaba mata wannan suna. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, da mijinta da 'ya'yanta, umarnin kuwa bai ragu ba.

Ita ta kawo mini littattafan bayan rasuwar uwarta, da ta ga na daina cin abinci na daina aske gemu. Guda uku ne, da Turanci. Ta ce, “Baba, ka karanta, ko ka daina ɗaukar kanka kamar tsohuwar kujerar da aka manta a tsakar gida.” Na fara da mai shuɗin bango don shi ne a sama. A bayansa akwai hoton marubucin yana dariya, haƙoransa fari tas kamar bai taɓa tauna komai da su ba. Na sa masa suna Mai Haƙora.

Babi goma sha biyu ne, kowanne da aikin gida a ƙarshensa. Babi ɗaya nake yi a mako. Ranar Asabar na gama na huɗu. Na gama shi sosai.

Makullin Manaja na ƙofar gidan nan yana kan tebur.

Litinin, da la'asar

Ban taɓa shi ba.

Talata, 5 ga wata, da safe

Barci rabi da rabi. Na juya har na gaji da juyi.

Babi na biyar. Mai Haƙora ya ce in tsaya gaban madubi kowace safiya in faɗi kyawawan halayena guda uku da babbar murya. Na sa tabarau na tsaya. Tsohon da ke cikin madubin ya kalle ni kamar na zo roƙonsa wani abu. Na ce, “Ni mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci.” Sai na tuna rabona da aiki tun Manaja ba ta yi aure ba. Na ce, “Rubutuna yana da kyau.” Wannan gaskiya ne. Na ukun ya ƙi zuwa. Na tsaya har gwiwa ta fara magana, na koma na zauna.

Ba zan wuce gaba ba sai na samo na ukun. Haka aka koya mana. Malaminmu na elemantare yakan zagaya da rula, duk wanda ya kama ya leƙa shafin gaba kafin a gama na yau, yatsunsa ne za su ba da labari. Da na fara aiki a gidan waya ma haka na tarar: wasiƙar da ta riga shigowa ita ke riga fita, ko ta gwamna ce a bayanta. A haka na tsufa, kuma ban taɓa ɓatar da wasiƙar kowa ba.

Ranar da na fara buɗe littafin nan ma na tarar an lanƙwasa bakin wani shafi can gaba. Mutanen yanzu ba su san darajar littafi ba. Ban kalli abin da ke shafin ba, na miƙar da shi, na ɗora masa dutsen guga ya kwana. Har yanzu da ɗan sawun.

Laraba, 6 ga wata, da azahar

Tela ya shigo. Shi ke haya a shagon da ke jikin gidana, ƙarar kekensa ita ce rediyona. Ya kawo mini burodi, ya tarar da ni da littafi da fensir.

“Ɗalibi! Yaushe ne jarrabawar? In ɗinka maka sabon yunifom?”

Na ce masa ya fara gama wandon da na ba shi tun bara.

Ya yi dariya, sannan ya ɗan rage murya. “Baba, ranar Asabar na ga Anti ta fita ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ga jaka a hannunta, jakar kuma da gani babu komai a ciki. Lafiya dai?”

Na ce lafiya lau. Ya kalli tebur, ya kalle ni, ya ce to madalla, ya koma bakin aikinsa.

Laraba, da yamma

Daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa ɗaki. Kwalayen nan biyu suna nan a gaban kabad ɗin marigayiya inda Manaja ta bar su, ɗaya ya kai rabi, ɗaya ko tsinke babu. Ban mayar da kayan cikin kabad ba, ban kuma ƙarasa zubawa ba. Kewaye su nake yi kamar rami.

Alhamis, 7 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta abin da babi na huɗu ya ce, don a san ban ƙara ban rage ba.

Ya ce mutumin da ya san darajar kansa dole ya iya cewa a'a. Ya ba da ƙa'idoji huɗu. Ka miƙe tsaye. Ka kalli mutumin cikin ido. Kada ka yi bayani, kada ka ba da haƙuri. In ya sake magana, ka maimaita jimlarka yadda take, ko sau nawa ne. Aikin gida: ka gwada a kan mutum na farko da ya nemi ka yi abin da ba ka so.

Ina laifina in Manaja ce mutum na farko? Wa ke zuwa gidan nan in ba ita ba?

Tun da na zame a banɗaki watan jiya take maganar in koma gidanta. Ranar Asabar ba magana ta zo yi ba, da jaka ta zo da kwalaye. Na miƙe tsaye, ko sanda ban riƙe ba. Na yi duk huɗun. Da akwai mai duba aiki, da goma bisa goma zai ba ni.

Na biyar ɗin ba ya cikin littafi. Wannan nawa ne.

Juma'a, 8 ga wata, da safe

Na ukun bai zo ba. Na ce wa madubin, “Ina biyan kuɗin wuta.” Ni kaina ban yarda wannan hali ba ne.

Asabar, 9 ga wata, da hantsi

Na share falo. Ba don kowa ba. Falo ne, ana share shi.

Asabar, bayan la'asar

Akwatin magani ya ƙare. Na zazzage ƙwayoyin a kan faranti in jera da kaina. Akwai farare iri biyu, ɗaya na safe ɗaya na dare, girmansu ɗaya. Ita da ido kawai take gane su. Na juya su a tafin hannu, na kai su bakin taga, na sa tabarau na cire. Daga ƙarshe na jera yadda na ga dama.

Wayar tana kusa da makullin. Mai Haƙora ya gargaɗe ni tun a babi na huɗu: bayan ka ce a'a zuciyarka za ta matsa maka ka bi mutum da ban haƙuri, kada ka biye mata, ka ba shi lokaci. To ina ba ta lokaci. Ina da shi da yawa.

Duk motar da ta rage gudu a layin nan sai na ji ta a ƙirjina.

Lahadi, 10 ga wata, da rana

Ba komai.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Kai yana juyawa kaɗan in na miƙe. Ina zargin fararen nan.

Na samo na ukun: “Ina gama abin da na fara.” Na faɗa wa madubi, na wuce babi na shida. Shi kuma a kan numfashi ne. Shekara tamanin ina numfashi ba wanda ya koya mini, yau ga Mai Haƙora zai nuna mini yadda ake yi. A ja a hankali ta hanci, a riƙe, a sake ta baki kamar mai hura shayi. Na gwada don kada a ce ban yi ba. Abin haushi, ya ɗan yi aiki. Ƙirjin ya saki na ɗan lokaci.

Alhamis, 14 ga wata, da yamma

An ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin in kai gare ta na buge ƙafata da kwali. Manaja ba ta ƙwanƙwasawa, amma yanzu ai dole ta ƙwanƙwasa.

Mijinta ne. Mutum mai sanyi, tun da ya auri Manaja ban taɓa jin ya gama jimla ba tare da ya duba ko an yarda ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye kwanon shinkafa da sabuwar akwatin magani, an jera ta tsaf har mako biyu. A jikin murfin an manna takarda: SAFE, DARE. Na san hannun. Ni na koya mata yadda ake ja wa harafin S wuya.

“Baba, tana gaishe ku.”

Na ce, “Ita ta ce, ko kai ka ce?”

Ya kalli takalminsa har na tausaya masa.

Da zai tafi ya ce ɗakin da suka ware mini yana nan yadda aka gyara shi. An yi fenti, an sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, yaran ma sun ɗauke kekunansu daga ƙofar don kada in yi tuntuɓe. Na ce an gode. Ban miƙe tsaye ba, ban kalle shi cikin ido ba. Ban san me ya sa ba.

Ya ga makullin. Kowa sai ya ga makullin nan.

Juma'a, 15 ga wata, da hantsi

Ashe na safe nake sha da dare, na dare da safe. Kwana biyar. Kan ya daina juyawa.

Shinkafar tata ce. Albasar ta yi yawa, kamar kullum. Na cinye.

Asabar, 16 ga wata, da la'asar

Na ja numfashi, na riƙe, na sake. Na ja, na riƙe, na sake. Motoci suna ta wucewa.

Litinin, 18 ga wata, da safe

Babi na bakwai a kan rashi ne. Na karanta shafi biyu na rufe. Na buɗe rediyo, na kashe. Na wanke kofin da na riga na wanke.

Mai Haƙora ma ashe ya binne mace. Bai faɗa a bangon littafin ba. Na sake duba hoton, dariyar tana nan, amma yanzu na lura idanun ba sa cikinta.

Talata, 19 ga wata, bayan azahar

Ba faɗuwa ba ce. Ina so a rubuta wannan daidai. Zama ne. Na shiga banɗaki da safe, ƙafa ta ɗan goce, na zauna a ƙasa, shi ke nan. Tashin ne ya ɗauki lokaci.

Ina jin Tela ya buɗe shago, ina jin kekensa. Can ya zo ya buga ƙofa da burodi, ya buga, ya kira, ya sake bugawa. Na amsa, muryar ba ta wuce ƙofar banɗaki ba. Ƙofar gida a kulle ta ciki, makullina a jiki, ɗayan kuma a kan tebur.

Siminti yana da sanyi. Na ga wata tsaga a bango da ban taɓa gani ba. Tsoro ya zo, ba zan ɓoye ba. Sai na yi aikin babi na shida, na yi ta hura shayin da babu. Na jawo bokiti na kifa shi, na dafa, na kama famfo. Da na buɗe ƙofar gida rana ta yi sama, Tela yana tsaye da guduma a hannu, ya haɗa gumi.

“Baba! Wallahi saura kaɗan in fasa ƙofar nan, in ya so ka kai ni kotu!”

Na ce wanka nake yi.

“Wankan amarya ma bai kai haka ba. Dubi gwiwar hannunka.” Ya shiga ya zaunar da ni, ya dafa mini shayi, ya zuba sukari kamar na gidansu ne. Sannan ya nuna tebur da haɓa. “Ka ba ni wancan in ajiye a shago. Ko don irin yau.”

Na ce yana da mai shi.

“To mai shi tana ina?”

Na ce masa shayin ya yi zaƙi da yawa.

Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ya ce bai yi alkawari ba.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Ƙugu ba sauƙi. Gwiwa ba sauƙi. Gwiwar hannu ta kumbura.

Alhamis, 21 ga wata, da yamma

Na koma babi na bakwai, tun da ba inda zan iya zuwa. Aikin gidan shi ne ka ɗauki abu ɗaya na wanda ya rasu, ka riƙe, ka faɗa masa abin da ba ka samu ka faɗa ba. Na ce wannan aikin mahaukata ne. Na ɗauko ɗankwalin marigayiya mai ruwan ƙasa daga cikin kwalin, wanda take ɗaurawa in za ta shiga kicin. Har yanzu da ɗan ƙanshin man da take shafawa.

Ban yi niyyar cewa komai ba. Sai na ji bakina yana ba ta labarin tsagar bangon banɗaki, da fararen ƙwayoyi, da Tela da gudumarsa. Daga nan na gaya mata abin da na yi ranar Asabar ɗin can. Ita kaɗai na gaya wa. Na san abin da za ta ce. Za ta ce, “Kai dai in ka ga abu a rubuce, shi ke nan hankalinka ya tafi hutu.”

Rabona da kuka tun ranar da aka fita da ita, ranar ma ban yi a gaban mutane ba. Yau na yi har rigata ta jiƙe. Bayan nan na yi barcin da ban yi irinsa ba a watan nan.

Ɗankwalin na ninke shi na mayar cikin kwalin da hannuna.

Asabar, 23 ga wata, da rana

Ban share falo ba. Na zauna a inda ba na ganin titi. Kunne dai ba shi da murfi.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Tela bai yi alkawari ba, kuma ya cika rashin alkawarinsa. Mijin Manaja ya zo da man shafawa da bandeji. Ya ce ta so ta zo da kanta, har ta ɗauki mayafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba ta san yadda za ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka haife ta ba.

Na ce ya miƙo mini ruwa.

Yana ajiye kofin ya ga littafin a hannun kujera da fensir a tsakiya. Don ya sauya magana, ina ji, ya ce, “Baba, har kun wuce wurin da ta lanƙwasa muku?”

Na ce wane wuri?

“Ai cewa ta yi ta lanƙwasa muku shafin da za ku fara da shi. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta littafin lokacin rasuwar Mama. Ita wurin nan kaɗai ta karanta, ta ce saboda shi ta kawo muku. Sauran biyun ma don kada ya zo shi kaɗai ne.”

Na ce masa ni ba na fara littafi daga tsakiya.

Ya ce haka ne, Baba. Komai aka ce masa haka ne.

Da ya tafi na juya littafin ta gefe na nemi sawun. Dutsen guga bai gama da shi ba. Babi na tara ne. Ni kuwa gobe zan shiga na takwas.

Litinin, 25 ga wata, da hantsi

Babi na takwas a kan tsara lokaci ne. In raba yinina gida-gida, in ba kowane aiki sa'arsa. Wane aiki? Na karanta layi ɗaya sau huɗu.

Mako guda ne kawai. In na bi a hankali, Litinin mai zuwa zan isa wurin da halalina.

Litinin, da azahar

Na sa yatsa a wurin. Na cire.

Litinin, da yamma

Malamin nan mai rula ya rasu tun ina saurayi. Ni na san haka. Amma yatsuna ba su sani ba.

Talata, 26 ga wata, da safe

Na tsallake.

Ba abin da ya faru. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Keken Tela bai ko tsaya ba.

Babin a kan karɓar taimako ne. Mai Haƙora ya ce akwai mutanen da ba su iya faɗin ƙauna da baki ba, sai da hannu: su wanke, su jera, su gyara, su ba da umarni. In ka hana su yi maka, ka toshe musu bakin da suke da shi ke nan. Ya ce a'ar da ya koyar a baya ta abu ce, ba ta mutum ba. Kana iya ƙin abin da aka kawo maka ka riƙe hannun da ya kawo. Har ya ce duk wanda ya karanta babi na huɗu ya yi haƙuri ya karanta wannan kafin ya gwada a kan na kusa da shi.

Yanzu kake faɗa? Mutumin kirki ai a shafin farko yake sa irin wannan gargaɗi. Na gaya wa hoton haka, da babbar murya. Yana ta dariyarsa.

Amma ita Manaja ta sa mini a farko. Ni na ɗora masa dutsen guga.

Aikin gida: ka roƙi wani ya yi maka wani abu, da bakinka, ko da ƙarami ne.

Talata, da la'asar

Na ɗauki makullin yau. Jan zaren yana nan a jikinsa, ya yi baƙi don riƙo. Uwar Manaja ce ta ɗaura shi, a gadon asibiti, da hannun da ƙyar yake ɗaga cokali. Nata makullin ne. Ta damƙa wa Manaja ta ce, “Ki riƙa leƙa Babanki, ba zai taɓa kira ba.” Ina wurin.

Ranar Asabar ɗin can, bayan na maimaita jimlata sau uku, sai na miƙa mata tafin hannu. Ta daɗe tana kallon hannun kafin ta gane abin da nake nema. Abin da na faɗa lokacin da take ciro shi daga jaka ba zan rubuta ba. Magana ce da ake yi wa baƙo.

Laraba, 27 ga wata, da hantsi

Na kira. Sau biyu ina kashewa kafin ta shiga. A na uku ta ɗauka, ina jin hayaniyar asibiti a bayanta.

“Baba? Lafiya? Ka sake faɗuwa ne?”

Na ce ban taɓa faɗuwa ba, zama na yi.



Na shirya magana tun jiya, har na rubuta ta a bayan ambulan. Na duba ambulan ɗin, rubutun ya yi kyau, amma bakina ya ƙi ɗauka. Abin da ya fito shi ne, “Farcen ƙafata ya yi tsawo. Ba na iya sunkuyawa.”

Na ji ta ja numfashi. Ko ita ma ta leƙa babi na shida ne?

“Shi ke nan abin da ka kira ka faɗa?”

Na ce, “Da shinkafar. Albasa ta yi yawa.”

Wani sauti ya fito, ban sani ba ko dariya ce ko kishiyar dariya. Aka kira ta daga nesa. Ta ce, “Baba, ina kan aiki. Zan gani. Wataƙila Asabar.”

Na ce, “Manaja.” Amma ta riga ta kashe.

Alhamis, 28 ga wata, da safe

Wataƙila Asabar. Ta faɗi Asabar ɗin da ƙarfi fiye da wataƙilar, ina ji. Ko kuwa wayar ce.

Na gaya wa Tela. Ya ce, “To ka ba ta haƙurin?” Na ce na yi maganar farce. Ya dafe kai da hannu biyu ya ce, “Ɗalibi, wannan ko maki ɗaya ba za ka ci ba.” Ya kawo wandona, ya gama shi. Ya yi mini yawa a ƙugu yanzu.

Juma'a, 29 ga wata, da yamma

Na cika kwali na farko, na fara na biyu. A hankali, ina zama ina tashi. Na bar tabarau ɗin marigayiya da kofinta. Waɗannan a'a, kuma zan iya yin bayani in an tambaye ni.

Na kuma sa riga biyu da wando a 'yar jakata ta aiki. Ba komawa gidan Manaja zan yi ba. Zan je in ga fentin ne, in kwana biyu, in gwada ƙarfen nan na banɗaki in ji ko an kafa shi da kyau. Haka zan ce mata. Kafin nan zan faɗi ɗayar maganar, tun tana bakin ƙofa, kafin ta ajiye jaka, kafin bakina ya sami damar kawo zancen albasa.

Asabar, 30 ga wata, da safe

Na aske gemu. Na share falo. Na buɗe ƙofar gida na tokare ta da kujera, don kada kowa ya sha wahalar ƙwanƙwasawa. Na dafa ruwa na zuba a roba saboda farcen ya yi laushi, na ajiye abin yanke farce da tawul a gefe.

Madubi ya samu ukunsa yau ba gardama. Na ƙara masa na huɗu: na iya tsallake shafi.

Asabar, da azahar

Ruwan ya huce. Na sake ɗumama shi.

Asabar, da la'asar

Wata mota ta tsaya. Mai kawo wa Tela yadi ne.

Na sake ɗumama ruwan. Kyanwar maƙwabta ta shigo ta ƙofar, ta zagaya falo, ta fita.

Asabar, gab da magariba

Tela ya rufe shago ya leƙo. Ya kalli robar ruwa, ya kalli jakata a bakin ƙofa, bai yi tsokana ba, abin da ban taɓa gani ba.

“Baba, in janye kujerar in rufe maka?”

Na ce ya bar ta tukuna. Ya juya zai tafi, na kira shi. Na ce ina roƙonsa wani abu. Ya samo mini tasi gobe da safe, ya kuma raka ni, don matakalar gidanta tana da tsawo kuma ba zan iya ita ni kaɗai ba. Na faɗa da bakina, ban kalli takarda ba.

Ya ce, “Wace unguwa za a ce wa direba?”

Na ce ya sani.

Na zubar da ruwan. Makullin ba ya kan tebur, yana aljihun rigar da zan sa gobe, jan zaren ya ɗan leƙo waje. Ƙugu da sauƙi, gwiwa ba sauƙi. Farce yana nan da tsawonsa.

Manaja ba ta zo ba.